Wace karramawa ce ta dace da ɗan kwana-kwanan da ya rasu a bakin aiki?

Sakataren_Unguwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan wannan zaure a kan wani al'amari da ya raba kan ƙungiyar unguwarmu. Makonni uku da suka wuce muka yi rashin maƙwabcinmu, ma'aikacin hukumar kashe gobara, wanda ya rasu a bakin aiki sa'ad da wuta ta tashi da tsakar dare a layin 'yan atamfa na kasuwar garinmu. Abokan aikinsa sun shaida mana a wurin zaman makoki cewa shi ne yake riƙe da bakin mesa a gaba, kuma sun riga sun fitar da wani maigadi da hayaƙi ya galabaitar, sai rufin kankaren benen ya rufto masa. Ba zan ambaci sunansa ko sunan garin ba, domin ban nemi izinin iyalinsa ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da mahaifiya tsohuwa.

Bayan an share makoki mun yi karo-karo, 'yan kasuwar da aka ceci shagunansu su ma sun kawo nasu. Matasanmu suna so a kafa allo mai ɗauke da sunansa a bakin layi, a kuma roƙi ƙaramar hukuma ta sanya wa titin sunansa. Dattawa sun ce a haƙa rijiyar burtsatse ta zama sadaka mai gudana a gare shi. Iyayenmu mata kuwa sun ce a miƙa wa matarsa kuɗin kawai, ita ta san inda ke mata ƙaiƙayi. Abin da aka tara ba zai ɗauki duka ukun ba, kuma taro biyu muka yi ba mu tashi da magana ɗaya ba. Wanne ne ya fi cancanta a kira karramawa?

Maman_Ilham:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa bakin wahalarsa ke nan, Ya raya abin da ya bari. Malam Sakatare, ni ban ga abin jayayya a nan ba, domin allo ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma matar tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta da halin fita nema.

Abu_Sumayya:
Allah Ya gafarta masa. Kafin a shiga maganar kuɗi, ina so a tuna wa iyalinsa irin mutuwar da Allah Ya zaɓa masa, domin akwai sanyin zuciya a ciki. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Jabir ɗan Atik, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shahidai bakwai ban da wanda aka kashe a fagen daga, kuma a cikinsu akwai wanda wuta ta ci da wanda gini ya rufta wa. Wannan bawan Allah ya haɗa biyun, kuma ya haɗa su ne yana ƙoƙarin ceton rai, alhali aya ta 32 ta Suratul Ma'ida tana cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Muna kyautata masa zaton shahada, ilimin haƙiƙa kuma yana wurin Allah.

Dan_Tasha_Biyu:
Allah gafarta Malam, idan shahidi ne, ashe ke nan bai kamata a yi masa wanka ba? Na taɓa jin cewa shahidi da tufafinsa ake binne shi.

Abu_Sumayya:
A'a, ɗan'uwa, hukuncin da ka ji na wanda ya faɗi a fagen yaƙi ne. Wanda ya nutse, ko ya ƙone, ko gini ya danne shi, malamai suna kiransa shahidin lahira: ana yi masa wanka idan jikin zai ɗauka, a yi masa likkafani, a sallace shi kamar kowane Musulmi, ladan shahadar kuma yana jiransa a can.

Game da tambayar Malam Sakatare, abin da na sani an hana shi ne yin gini a kan kabari da kafa mutum-mutumi, kuma hadisan suna cikin Sahihu Muslim. Sanya wa titi sunan mutum ba ya cikin wannan, shi ya sa garuruwanmu suke cike da titunan da ke ɗauke da sunayen sarakuna da malamai. Duk da haka ni rijiyar na fi karkata gare ta, saboda ladanta zai riƙa isa gare shi muddin ana ɗiban ruwan.

Tsohon_Kwana_Kwana:
Ni na yi wannan aiki har na yi ritaya, kuma na ɗauki gawar abokin aiki da hannuna, saboda haka ku yi mini haƙuri idan na tsawaita. Abokin nawa a rijiya ya rasu. An kira mu ne a kan wani yaro da ya faɗa tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa, ya ɗaura igiya ya sauka ba tare da tukunyar iskar shaƙa ba, domin guda ɗayan da muke da ita a tashar babu iska a cikinta. Irin wannan rijiya takan tara gurɓatacciyar iska a ƙasa, mutum ba ya jin wari, ba ya jin zafi, sai dai ƙafafunsa su saki. Mun ji igiyar ta yi nauyi, muka jawo, amma kafin mu kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A ofishinmu akwai baƙin allo da ake rubuta sunayen masu aikin dare da alli. Sunansa ya fi wata biyu a kan allon nan, domin duk wanda aka ba tsumma ya goge, sai ya goge na sama da na ƙasa ya tsallake nasa. Hular kwanonsa kuma tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa har ranar da aka kawo sabon ɗauka aka ba shi ita, don babu wata. Manya sun zo ta'aziyya da jerin motoci, an yi jawabi, an ce ba za a manta da shi ba. Tukunyar iskar nan kuwa ta ƙara wata shida babu iska.

Saboda haka idan kuka tambaye ni karramawa, ni ba na raina allo, don na ga yadda suna a jikin allo yake riƙe zukatan mutane. Amma abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya shi ne a yi kuka a kan wanda ya tafi, a bar waɗanda suka rage cikin halin da ya kashe shi. Malam Sakatare, ka bincika mini abu guda: layin da ya mutu a cikinsa, mota tana iya shiga yanzu, ko har yau tebura da kwantenoni sun toshe hanya?

Sakataren_Unguwa:
Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan abokin aikinka. Gaskiya har yau mota ba ta shiga. A daren ma a bakin titi ta tsaya, aka yi ta haɗa mesa da mesa har cikin layin, kuma na ga an fara mayar da teburan tun kafin toka ta huce.

Injiniya_Mai_Tsani:
Maganar Baba ta tuna mini da gobarar benen Plasco a birnin Tehran na ƙasar Iran, wadda duk mai shago a kasuwar tufafi ya kamata ya san labarinta. Bene ne mai hawa 17 da aka gina a 1962, a zamaninsa babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar, daga baya ya cika da shagunan tufafi da ɗakunan ɗinki, yadi a jibge har a kan matakala. Ranar 19 ga Janairun 2017 wuta ta tashi a saman benen da safe, 'yan kwana-kwana suka shiga suna fitar da mutane, wasu masu shaguna kuma suna kutsawa ciki don kwaso kaya da takardu. Bayan kamar sa'o'i uku da rabi, ƙarfen da ke riƙe da ginin ya yi laushi saboda zafi, benen ya ruguje gaba ɗaya ana nunawa kai tsaye a talabijin. 'Yan kwana-kwana 16 ne suka rasu a ciki, kuma an kwashe kwanaki ana tonon ɓaraguzai kafin a gama fito da su.

Ta fuskar girmamawa, ba a rage musu komai ba. An kira su shahidai, dubban mutane sun halarci jana'izarsu a babban masallacin idi na Tehran, an ɗora akwatunansu a kan motocin kashe gobara, aka binne su a maƙabartar Behesht-e Zahra, mutane kuma suka yi ta kai furanni tashoshin kwana-kwana. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, hukumar kashe gobara ta birnin ta bayyana cewa ta sha gargaɗin masu ginin tun kafin ranar cewa ba shi da kariya daga wuta, ba a yi komai ba. Da an saurari takarda ɗaya daga cikin waɗannan takardu, da ba a bukaci furannin ba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, rufin kankaren da ya danne maƙwabcinku bai faɗo haka kawai ba. Atamfa da leshi da kwali suna ba da zafi mai tsanani na tsawon lokaci, rodin da ke cikin kankare yakan rasa ƙarfinsa, kankaren kuma ya riƙa tsagewa yana ɓarewa, musamman idan tun farko an tsuke siminti ko an ɗora wani hawa a kan ginin da ba a yi shi don haka ba. 'Yan kasuwar da suka kawo gudummawa sun kyauta, amma ni da za a ji tawa, sai a ce musu gudummawar da ta fi ita ce su buɗe hanya, su kira masani ya duba sauran benayen layin.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Injiniya, na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki, amma kada a ɗora mana laifin duka. Ni 'yar kasuwa ce, na kuma taɓa yin asarar shago a gobara. Mai tebur a bakin layi ba shi ya ba kansa wurin ba, akwai wanda yake karɓar kuɗin wurin duk wata. Sannan a ranar da tamu ta faru, motar ta iso ne bayan wuta ta ci rabin layi, ta yi feshi na ɗan lokaci ruwa ya ƙare, ta juya ɗebo wani. Mutum yana tsaye yana kallon jarinsa na shekara ashirin yana zama toka, dole zuciya ta yi zafi.

Tsohon_Kwana_Kwana:
Hajiya, Allah Ya mayar miki da alheri. Abin da kika gani haka yake, ruwan da ke cikin tankin mota ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci idan aka buɗe mesa sosai. A ƙasashen da aka tsara gari, motar tana zuwa ne ta jona da famfon gobara da ke bakin titi, ruwa ba ya yankewa. Mu kuwa sai mu koma tasha ko mu nemi kududdufi. Sau da yawa kuma ba a kiranmu sai an gaji da watsa ruwa da bokiti, kowa yana zaton wani ya kira. Idan muka iso a makare, da duwatsu ake tarbarmu. Akwai tabo a gefen kunnena har yau, kuma ba wuta ce ta yi mini shi ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Subhanallahi. Wannan kam ba daidai ba ne, Baba, kuma ban taɓa goyon bayan jifa ba. Allah Ya ba ku ladan haƙuri.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar, tare da ta'aziyya ga iyalan mamacin. A nan wurinmu 'yan kwana-kwana sojoji ne, lambar kiransu kuma 18 ce, tsarin da muka gada daga Faransa, inda rundunar kashe gobara ta birnin Paris take ƙarƙashin soja tun da sarkin Faransa Napoleon ya kafa ta a 1811. Akwai wata al'ada tasu da take burge ni, kuma ba ta cin ko dala. Duk ranar Litinin da safe, a kowane bariki nasu, ana jeruwa a kira sunayen waɗanda suka mutu a bakin aiki ɗaya bayan ɗaya, kowane suna aka kira sai wani ya amsa da cewa ya mutu a wuta. Sabon ɗaukan da bai taɓa ganin mutumin ba, sai ya haddace sunansa tun a shekararsa ta farko. A watan Janairun 2019, lokacin da iskar gas ta fashe a wani gini a titin Trévise ta kashe musu mutum biyu, sunayensu sun shiga wannan jerin.

Abin da nake nufi, Malam Sakatare, shi ne riƙe suna ba lallai sai da kuɗi ba. Ku ba iyalin kuɗin, sunan kuma ku nema masa wata hanya.

Matashi_Mai_Kishi:
Ni ina cikin masu ra'ayin allo, ko da yake ba unguwarmu ɗaya ba. Iyayenmu suna cewa allo ba ya ciyar da maraya, gaskiya ne, amma kuɗin nan zai ƙare cikin shekara ɗaya, sunan kuwa zai zauna. Ku duba titunan garinku ku ƙirga nawa ne suke ɗauke da sunan ɗan siyasa, nawa ne kuma suke ɗauke da sunan ƙaramin ma'aikacin da ya ba da ransa saboda mutane. Yaron da ya tashi yana cewa gidanmu yana titin wane, wata rana zai tambaya wane ne shi, a ba shi labari. Sojojin Najeriya suna da ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya. 'Yan kwana-kwana ma ai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 4 ga Mayu, amma wa ya taɓa jin an yi wani abu a unguwa saboda ita?

Malamin_Tarihi:
Ɗan gyara kaɗan, ƙanena. Ranar 4 ga Mayu ba daga Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito ba, daga 'yan kwana-kwanan kansu ta fito, kuma asalinta ya shafi wannan muhawara kai tsaye. Ranar 2 ga Disambar 1998 wutar daji ta tashi kusa da garin Linton a jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya. Wasu 'yan sa-kai biyar daga unguwar Geelong West suna cikin motarsu ta ruwa sai iska ta juya ba zato, wutar ta rufe su, dukansu suka mutu. A farkon 1999 wata 'yar kwana-kwana mai suna JJ Edmondson ta aika da saƙon imel zuwa ga takwarorinta na ƙasashe tana neman a tsayar da rana guda ta tunawa da irin waɗannan mutane, daga nan abin ya bazu. Alamar ranar ƙyalle ne mai launi biyu, ja na wuta da shuɗi na ruwa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba a tsaya a kan ƙyalle ba. An yi dogon bincike a gaban kotu a kan yadda mutum biyar ɗin suka mutu, kuma bayansa hukumar kashe gobara ta jihar ta wajabta wa kowane ɗan sa-kai samun horo na musamman kafin a bar shi ya tunkari wutar daji, aka kuma ƙara wa motocin kariya daga zafi. Wannan ya koma kan maganar Baba da ta Injiniya. Ina so in san ko an zauna an rubuta yadda maƙwabcin Malam Sakatare ya rasu, wa ya ba da umarnin shiga, me aka gani a jikin ginin kafin a shiga, ko kuwa an ce kwana ne ya ƙare aka rufe maganar.

Abu_Sumayya:
Kwana ya ƙare kam, Malam, wannan babu shakka, amma imani da ƙaddara bai hana bincike ba, kuma bai wanke mai sakaci ba. Ina dai da tambaya a kan ranar 4 ga Mayun, don na ji an ce tana da alaƙa da wani waliyyin Kiristoci.

Bulus_Na_Wusasa:
Haka ne, Malam, ranar tunawa da Florian ce, wani hafsan sojan Rum da aka kashe ta hanyar jefa shi a kogi a yankin da yake ƙasar Ostiriya a yau, wajen shekara ta 304, kuma 'yan kwana-kwanan Turai sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin majiɓincinsu. Ni Kirista ne, amma ba zan ce dole sai kun ɗauki wannan rana ba, kuna iya zaɓar ranar da shi maƙwabcin naku ya rasu. Abin da nake so in ƙara shi ne, ƙanin mahaifina ya yi wannan aiki, kuma a motarsu akwai Musulmi akwai Kirista, idan an shiga hayaƙi kowa yana riƙe da kafaɗar na gabansa ne ba tare da tambayar inda yake ibada ba. Duk abin da za ku yi, ku gayyaci abokan aikinsa dukansu, domin su ma makoki suke yi, kuma galibi babu mai zuwa yi musu ta'aziyya.

Uwar_Marayu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina roƙon maza su saurare ni, domin na zauna a inda matar nan take zaune yanzu. Mijina ma'aikacin gwamnati ne, ba ɗan kwana-kwana ba, amma hanyar ɗaya ce. A makon farko gida cike yake, buhunan shinkafa har bakin ƙofa. Bayan arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Da na fita takaba na fara bin haƙƙinsa, sai aka ce in kawo takardar shaidar mutuwa, da takardar kama aikinsa ta farko, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da takardar albashi, da takardar kotu ta izinin karɓar dukiyar mamaci. Takardar kama aikin ma sai a ƙasan akwatin mahaifiyarsa muka same ta, gara ta ci gefenta. Na yi shekara biyu ina hawa mota zuwa babban birnin jiha, yau a ce fayil yana teburin wane, gobe a ce wane ya tafi taro, har na san masu shara da sunayensu. Wani abin takaicin kuma, wanda ya rubuta a matsayin magajinsa tun yana saurayi yayansa ne, bai taɓa sauyawa ba, wannan kaɗai ya ci mana wata shida.

Malam Sakatare, idan kuna son ku karrama maƙwabcinku, ku ware mutum biyu masu ilimi da haƙuri daga cikin ƙungiyarku, su ɗauki fayil ɗin nan a matsayin nasu har ranar da kuɗin zai shiga hannun iyalinsa. Abin da gwamnati za ta biya ya ninka abin da kuka tara, amma ba ya zuwa da ƙafarsa.

Lauya_Dan_Gida:
Maganar Uwar Marayu ita ce maganar. Bari in ƙara abin da doka ta tanada don a san abin da za a nema. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, wannan kuma daban yake da abin da ya taru a asusunsa na fansho. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF, yake gudanarwa, ta tanadi diyya ga iyalin wanda ya mutu ta dalilin aikinsa. Sai dai ku fara tantance ko shi ma'aikacin hukumar kashe gobara ta tarayya ne ko ta jiha, domin jihohi suna da nasu dokokin fansho, kuma ba kowace jiha ce take biyan kuɗin inshorar a kan kari ba. Ku nemi a ba ku rahoton hukuma a rubuce da ke tabbatar da cewa a bakin aiki ya rasu, tun yanzu da shaidu suke kusa kuma abin yake sabo a zukatansu.

Amurka ma da ake misali da ita ba da allo kaɗai ta tsaya ba. Suna da wurin tunawa na ƙasa a Emmitsburg ta jihar Maryland inda ake rubuta sunayen waɗanda suka mutu kowace shekara, amma tun 1976 suka yi dokar da ke biyan iyalin ɗan sanda ko ɗan kwana-kwanan da ya mutu a bakin aiki, a lokacin dala 50,000, kuma ana ƙara adadin yana bin tsadar rayuwa.

Maman_Ilham:
To ga wata tambaya ga Malam Abu Sumayya. Idan aka miƙa wa matar kuɗin karo-karon, 'yan'uwan mijin ba za su ce gado ne a raba ba? Na ga inda aka yi haka, har abin ya kai ga alƙali.

Abu_Sumayya:
Gado shi ne abin da mamaci ya mallaka kafin rasuwarsa. Abin da maƙwabta suka tara bayan ya rasu kyauta ce, kuma tana zuwa ne inda masu bayarwa suka nufa. Saboda haka ƙungiya ta faɗi niyyarta a fili a gaban mai unguwa da liman da dangin mamacin, a rubuta, a sa hannu: kaza na karatun yara, kaza na matar, kaza na mahaifiyarsa. Kada a manta da tsohuwar nan, domin sau da yawa hankali yakan tafi kan mata da 'ya'ya a bar uwa, alhali wataƙila shi ne yake saya mata magani. Kuɗin da zai fito daga gwamnati kuwa hukuncinsa yana bukatar a zauna da malami da takardun a gabansa.

Likitan_Kirji:
Ina so in ja hankali ga waɗanda ba a kiransu jarumai saboda ba a cikin wuta suka faɗi ba. A harin 11 ga Satumban 2001 hukumar kashe gobara ta birnin New York ta rasa mutum 343 a rana ɗaya, kowa ya san wannan adadi. Abin da ba a cika sani ba shi ne, waɗanda suka mutu daga baya cikin ma'aikatanta saboda cututtukan da ƙura da hayaƙin wurin suka jawo musu sun riga sun zarce wannan adadi. A 2022 kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Abokan aikin maƙwabcinku da suka kwana suna shaƙar hayaƙin leda da roba da rini a daren nan, wasunsu da ƙyalle kawai a hanci, su ma wani abu ya shiga ƙirjinsu. Baba, kai kanka ina ba ka shawara ka je a duba maka huhu idan ka daɗe ba ka yi ba.

Tsohon_Kwana_Kwana:
Likita, tari kam ya zama abokin zama, musamman da hunturu. Zan je in Allah Ya yarda.

Matashi_Mai_Kishi:
Na ji hujjojin iyayena kuma na sassauta, amma ban janye ba. Allon ƙarfe da fenti ba su kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. A ba iyali kaso mafi yawa, a bar mana ɗan abin da za mu kafa allon, takardar neman sauya sunan titi kuma mu matasa za mu bi ta da kanmu.

Dattijon_Zaure:
Ni kuma har yanzu ina kan rijiya, kuma ba don lada kaɗai ba. Baba ya ce motarsu takan rasa inda za ta sha ruwa. Idan aka haƙa burtsatsen a bakin kasuwar aka ɗora mata babban tanki da bakin da mota za ta iya jona mesa, an yi sadaka, an kuma yi maganin abin da ya sa wuta take fin ƙarfinsu. Sunansa sai a rubuta a jikin tankin. Kuɗin unguwa ba zai isa ba, na sani, amma wannan aikin 'yan kasuwa ne, su ya kamata a kai wa kokon.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wannan shawara ta Baba Dattijo zan iya kai ta gaban shugabannin kasuwarmu ko da ba garinmu ɗaya ba. Sai dai a tanadi wanda zai riƙa kula da tankin, don na san inda aka yi irinsa, ranar da aka bukace shi aka tarar masu wankin babur sun shanye ruwan.

Sakataren_Unguwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na kwafe duk abin da kuka rubuta zan karanta a taronmu na ranar Asabar bayan la'asar. Jiya na aika maiɗakina ta tambayi matar marigayin abin da ita take so, abin da ya kamata mu yi tun farko ba mu yi ba. Ta ce ita ba ta da ta cewa a kan kuɗi, duk abin da aka yi daidai ne, amma babban ɗansu yana ta tambayar inda hular babansa take, kuma tana so a roƙa masa ita idan hukuma za ta bayar. Ban san ko ana bayarwa ba.

Tsohon_Kwana_Kwana:
Kayan gwamnati ne, a rubuce take a littafin sito, saboda haka ba za a ba ku ita da baki ba. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban tashar, mai unguwa ya sa hannu, ku ce ƙungiya za ta sayi sabuwa ta maye gurbinta. Ku tafi da yaron, kuma ku je da safe lokacin canjin aiki, sa'ad da 'yan dare ba su tafi ba 'yan rana kuma sun iso, don ya ga mutanen da suka tono mahaifinsa.